Na sayi mota ta hannu a Jamus, har yanzu da sunan mai ita take, ya zan yi?

Baƙon_Turai:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah waɗanda suka daɗe a Jamus ku taimaka min da haske. Na sayi mota ta hannu wajen wani bawan Allah, ba dillali ba ne, a intanet na ga tallar na je na duba ta muka daidaita na biya shi hannu da hannu, muka sa hannu a takardar ciniki, ya ba ni makulli biyu da wata 'yar ƙaramar takarda mai naɗewa da wata babba, duk koraye ne, sai kuma takardar gwajin lafiyar mota da ake kira TÜV. Lambarsa ce har yanzu a jikin motar, da ita ma na tuƙo ta gida.

To yanzu mutumin nan ya dame ni da waya, safe da yamma, wai in je in mayar da rajista sunana, in ba haka ba zai je ya soke rajistar da kansa. Ni kuma na shiga shafin ofishin rajistar motoci na garin da nake in kama Termin, wato ranar da za su ba ni in je, babu gurbi sai can gaba, kuma aikina na safe ne ba na samun fita yadda nake so. Ga wani abokin aikina yana ce min in kwantar da hankalina in ci gaba da hawa a haka har TÜV ɗin ya ƙare, wai ai akwai inshorar mai ita a kai, ko kuma shi ya yi min rajista da sunansa tunda ya daɗe a ƙasar inshora za ta zo min da sauƙi. Zuciyata dai ba ta kwanta da maganar ba.

Abin da nake son sani: shin da gaske zai iya soke rajistar alhali motar tana hannuna? Waɗanne takardu zan haɗa kafin in je? Dole ne sai na canza lamba? Sannan lasisin tuƙina na gida ne ba na Turai ba, ban cika wata shida da zuwa ba tukuna amma na kusa, ko hakan zai hana su yi min rajista? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baban_Ummi:

Wa alaikumussalam ɗan uwa, Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Kafin komai, shawarar abokin aikin nan naka ka ajiye ta gefe, duka biyun. Zan dawo kanta.

Maganar soke rajista, shi kaɗai ba zai iya ba a yadda yake faɗa, saboda ana soke rajista ne da ƙaramar takardar nan da lambobin motar, kuma duk suna hannunka. Amma akwai abin da zai iya kuma doka ma ta ce ya yi, wato ya aika wa ofishin rajista sanarwa cewa ya sayar da motar ga wane, a adireshi kaza, rana kaza. Daga nan kai za su rubuto wa su ba ka wa'adi, in ka yi biris su dakatar da motar da ƙarfin doka, a zo a kankare hatimin da ke kan lambar, kuma kai za ka biya kuɗin wannan wahalar. Kar ka ga laifin mutumin, duk kyamarar da ta haska ka a titi, duk fakin ɗin da ka yi ba daidai ba, gidansa wasiƙar za ta je, haraji ma shi ake cirewa har sai an mayar da rajistar sunanka. Doka cewa ta yi a canza ba tare da ɓata lokaci ba, kuma ka duba takardar cinikin da kuka sa wa hannu, yawancin waɗanda ake bugawa akwai layin da ya ce cikin mako ɗaya ko 'yan kwanaki.

Takardu kuma, ƙaramar mai naɗewa ita ce Teil I, ita kake yawo da ita duk lokacin da kake tuƙi. Babbar ita ce Teil II, wannan a gida ake ɓoye ta, kar ka taɓa barin ta a cikin mota, in aka sace motar da ita a ciki an gama da kai. Ranar zuwa ofis duka biyun za ka riƙe, da fasfo da katin zama, da takardar da ke nuna adireshinka in ba a rubuta shi a katin ba, domin a ofishin yankin da ka yi rajistar zama kawai za su yi maka, ba inda ka sayi motar ba kuma ba inda kake aiki ba. Sai takardar TÜV. Je ka duba lambar baya, akwai wata zagayayyiyar sitika, lambar da ke tsakiya ita ce shekara, wadda ta kalli sama daidai ƙarfe goma sha biyu ita ce watan da gwajin zai ƙare. In ya riga ya ƙare sai ka fara kai ta gwaji kafin su taɓa takardunka, kuma ba dole sai TÜV ba, DEKRA da GTÜ da KÜS duk suna yi, duk bayan shekara 2 ne.

Sai eVB, ita ce mutane suka fi mantawa. Lamba ce mai haruffa da alƙaluma guda 7 da kamfanin inshora yake ba ka, shaida ce cewa sun yarda za su ɗauke ka, ta waya ko intanet ake nema kuma yawanci nan take suke turowa. Ba ita ba rajista. Wadda doka ta wajabta ita ce Haftpflicht, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani, sauran nau'ikan inshora biyu na gyaran motarka ganin dama ne. Sannan lambar akawun ɗinka ta IBAN, za ka cike takardar ba da izini a riƙa cire harajin mota kai tsaye, kwastan ne ke karɓar harajin nan tun 2014, kuma in suna bin ka bashin tsohon haraji ba za a yi maka sabuwar rajista ba sai ka biya.

Lamba ba dole ka canza ba. Tun Oktoban 2019 mai saye zai iya riƙe lambar da ke jiki ko da daga wani gari motar ta fito, muddin rajistarta tana raye, taka kuma tana raye. Ni da kaina na fi son a bar ta, ka huta da kuɗin buga sabuwa, sannan koriyar sitikar nan ta gilashin gaba ta shiga cikin gari lambar mota ce a rubuce a jikinta, ka canza lamba sai ka sake sayen sitika, in ka shiga yankin da ake buƙatarta babu ita tarar Yuro 100 ce. Kuɗin ofis shi kansa wajen Yuro 30 ne, ba wani abu ba.

Lasisi ba ruwansa da rajista, ba sa tambaya. Amma tuƙin fa? Lasisin da ba na Tarayyar Turai ba wata 6 yake aiki daga ranar da ka fara zama a ƙasar, ranar da ya cika ka zama wanda ba shi da lasisi a idon doka, kuma wannan ba irin tarar fakin ba ce, laifi ne da ake kai mutum kotu a kai, tara ko ɗauri har shekara ɗaya, ga shi yana iya ɓata maka takardun zama. Tunda ka ce ka kusa, wallahi wannan ya fi damuna a kan rajistar. Ka je makarantar tuƙi gobe-gobe ka tambayi yadda ake musanya, yawancin ƙasashe sai an yi jarrabawar rubutu da ta titi, da gwajin ido da kwas ɗin taimakon gaggawa da fassarar lasisin, kuma ofis yana cin lokaci kafin ya amince.

Nan ne maganar abokin aikinka ta shigo. In ya sa sunansa a motar, ranar da lasisinka ya mutu kana tuƙa ta shi ma ya shiga laifi, don doka tana kama wanda sunansa ke kan mota in ya bar marar lasisi ya tuƙa. Kuma ranar da kuka saɓa, ko ya bar ƙasar, ko wani ya biyo shi bashi, takardun motarka sunansa suke ɗauke da shi. Inshorar sabon shiga tana da tsada ba ƙarya, amma duk shekarar da ka yi ba haɗari tana sauka, in ka laɓe bayan wani kai ba ka tara komai ba.

Ɗan_Landan:

Baban Ummi ya gama magana. Ni a Ingila nake don haka ban sa baki a dokar Jamus ba, zan dai faɗi namu ko wani zai karanta ya amfana, saboda na ga 'yan uwa da yawa suna ɗauko dokar wata ƙasa su kai wata. Mu nan ba ka zuwa ofis ma, mai sayarwa ne zai shiga shafin DVLA, hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, a gabanka ya sa sunanka da adireshinka da lamba mai alƙaluma 11 da ke jikin takardar rajistar motar, wato V5C, ya yago maka koren ɓangaren nan na sabon mai mota, sabuwar takardar ta zo maka ta gidan waya. Lambar mota tana bin motar har ta mutu. Amma haraji ba ya bin mota tun Oktoban 2014, ko da mai ita ya biya na shekara to kuɗinsa za a mayar masa, kai sai ka biya naka da lamba mai alƙaluma 12 ta koren ɓangaren kafin ka tada ta daga ƙofar gidansa, inshora ma haka, tasa ba ta rufe ka ko na minti ɗaya. Wanda ya sayi mota babu V5C sai ya cike fom ɗin V62 na neman sabuwa ya biya fam 25, ni dai ba na ba kowa shawarar sayen motar da babu ita. Lasisin waje kuma mu wata 12 ne ba 6 ba, ka ga wanda ya ji wannan daga bakinmu ya je ya yi aiki da shi a Jamus ya shiga uku.

Baƙon_Turai:

Allah ya saka da alheri Baban Ummi, Allah ya raya Ummi. Ɗan Landan na gode. Na fita na duba sitikar baya, TÜV da saura sosai alhamdulillah, kuma na kira wani kamfani sun turo min eVB ɗin a waya.

Amma da na ɗauko babbar takardar ina dubawa sai na ga sunan da ke ciki ba na mutumin da ya sayar min ba ne, sunan mace ne, sunan dangi ma daban. Na kira shi ya ce matarsa ce, motarta ce shi ya tsaya mata a ciniki kawai. A takardar ciniki kuma sunansa ne da sa hannunsa, ita ban gan ta ba sam. Wannan zai kawo matsala a ofis ne? Sannan maganar inshorar da ke kai yanzu, da gaske tana rufe ni kafin in canza? Ga Termin ɗin nan har yanzu shiru.

Maman_Khalil:

Ƙanena ka tsaya nan, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A ofis wataƙila ba za su ce maka komai ba, su wanda ya zo da Teil I da Teil II da sauran takardu suke yi wa aiki, su ba alƙalan ciniki ba ne. Ka karanta babbar takardar da kyau za ka ga an rubuta a jikinta cewa wanda sunansa ke ciki ba shi ake nufin lallai shi ne mamallaki ba. Matsalar ba ta ofis ba ce, taka ce in matar nan ta tashi gobe ta ce ba da saninta aka sayar ba. Kotunan Jamus suna ganin in mai sayarwa ba dillali ba ne kuma ba sunansa ne a Teil II ba, to a kan mai saye yake ya bincika, in bai bincika ba ba zai zo daga baya ya ce ai shi da zuciya ɗaya ya saya ba. In kuma motar sata ce to ko ka bincika ba ta zama taka, mai ita zai karɓe abarsa kai ka bi wanda ya ci kuɗinka.

Ba ina ce maka mutumin ɓarawo ba ne, a ganina ma wanda ke matsa maka ka je ofis da wuya ya zama mai ɓoye wani abu, kuma mata da miji masu sunan dangi daban suna da yawa a nan. Amma tunda shi ke neman ka yanzu, ka yi amfani da damar. Ka ce masa kana son matar ta sa hannu a takardar cinikin ita ma, ko ta rubuta ta ba shi izinin sayarwa, da kwanan wata da lambar shasin motar, a haɗa da kwafin katin shaidarta, in so samu ne ka je ka gan ta ido da ido ka gwada sunan katin da na takardar. A takardar cinikin ma ka tabbata akwai rana da ƙarfe nawa aka miƙa maka motar, saboda tarar da ta faru kafin wannan lokacin tasu ce, ta bayansa taka. Sannan ka ɗauki tocilan ka gwada lambar shasi, guda 17 ce, ka duba ƙasan gilashin gaba ta waje ko jikin ƙarfen ƙofa in ka buɗe, wata motar kuma a ƙarƙashin bonet ko ƙasan kafet ɗin gefen fasinja aka buga ta, ka bi ta harafi-harafi da wadda ke layin E a takardun biyu, kar ka duba huɗun ƙarshe kawai ka ce ya yi.

Abu ɗaya da ya kwantar min da hankali, asalin Teil II tana hannunka. Motar da aka saya da bashin banki yawanci bankin ne ke riƙe wannan takardar har a gama biya, shi ya sa duk wanda ya ce maka zai aiko maka da ita daga baya ka riƙe kuɗinka.

Mai_Permi:

Gaskiya Hajiya ta faɗa. Mu nan Faransa wanda sunansa ke bisa kart giriz, wato takardar rajistar mota, shi ne zai ja mata layi ya rubuta an sayar rana kaza ƙarfe kaza ya sa hannu, in suna biyu ne a kai duka biyun sai sun sa. Mai saye wata guda gare shi ya canza a shafin intanet na gwamnati mai suna ANTS, tun 2017 ba a yi a kantar prefektir, wato ofishin gwamnatin yanki, in ya wuce tarar Yuro 135 ce. Motar da ta wuce shekara 4 kuma sai da takardar gwaji wadda ba ta kai wata 6 ba, da takardar da ke nuna ba jingina a kanta. Kuma mu sai ka nuna permi, wato lasisin tuƙi, kafin su sa sunanka, ka ga nan mun bambanta da ku.

Baban_Ummi:

Hajiya Maman Khalil ta rufe wancan ɓangaren, ka bi abin da ta ce tiryan-tiryan.

Inshora, e, a dokar Jamus in aka sayar da mota mai rajista yarjejeniyar inshorar tana bin motar zuwa ga mai saye, to ba tsirara kake tafiya ba. Amma abu ne na ɗan lokaci, kamfanin da kai duk kuna da damar yanke ta cikin wata ɗaya, kuma kai ba ka san ko matar ta biya kuɗin wannan zangon ba, ba ka san sharuɗɗan da ta sa hannu a kai ba. Ranar da ka yi rajista da taka eVB tsohuwar ta mutu da kanta ba sai ka rubuta musu ba. Ni da ni ne zan rage hawa sai ta kama dole har a gama.

Termin kuma akwai hanya uku. Ka riƙa leƙa shafin da sassafe kafin ka fita aiki, ofisoshi da yawa a lokacin suke sakin guraben ranar da na waɗanda suka fasa. Ko ka je shagunan buga lamba da ke kewaye da ofishin, da yawansu suna yin aikin kai takardu, ka ba su takardunka da izini a rubuce su kai su dawo maka da su, suna cajin nasu a kan na ofis amma ga mai aikin safe ya fi a rasa kuɗin yini, ka dai karɓi rasit mai nuna sun karɓi Teil II ɗinka. Ko kuma ka yi ta intanet, i-Kfz, in katin zamanka irin mai cif ne kuma kana da PIN ɗinsa, wanda ya zo maka a wasiƙa daban lokacin da aka yi katin, sai ka sauke manhajar AusweisApp a waya. Sharaɗin shi ne takardun su zama masu ɓoyayyar lambar nan da ake kankarewa, Teil I daga 2015, Teil II daga 2018. Amma kar ka kankare komai sai ka shiga shafin ka ga ya karɓe ka ya nemi lambar, in ka kankare sannan abu ya tsaya ka ɓata takardar, ka koma neman ofis ɗin da kake gudu.

Kuma ka tura wa mutumin hoton eVB ɗin da duk ranar da ka samu, zai sassauta maka da waya.

Baƙon_Turai:

Na yi magana da shi, ya ce ba damuwa in zo ranar Asabar matar tana gida za ta sa hannu. Lambar shasi ta yi daidai a takardun biyu da jikin motar. Wasiƙar PIN ɗin ce ban gani ba, don haka masu kai takardu zan bai wa ranar Litinin in sha Allah, makarantar tuƙi ma sun ce in kawo lasisin su gani. Tambaya ta ƙarshe Baba, albashina a akawun ɗin matata yake shiga kafin nawa ya daidaita, za su karɓi IBAN ɗinta a takardar harajin?

Baban_Ummi:

Za su karɓa, akwai gurbin mai akawun daban a takardar, sai dai ku biyun za ku sa hannu, kai a matsayin mai mota ita a matsayin mai akawun. Ka sauke takardar daga shafin kwastan ko na ofishin ku cike a gida tun ranar Lahadi, ka haɗa da kwafin katinta ko da sun nema.